Rokar 'Yan Makaranta: Abin Da Za A Tanada Kafin A Harba

Idan aka ambaci roka a Kontagora, da wuya hankalin mutum ya tafi wajen makaranta. Garin Nagwamatse shi ne mazaunin hedkwatar sojojin igwa na Nijeriya, sa'an nan ga ta'asar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan Mariga da Rijau da Magama a shekarun nan, har kalmar ta zama ba ta da wata ma'ana a kunnen talaka sai ta makamin da ake saɓawa a kafaɗa. Amma akwai wata roka dabam, wadda tsawonta bai fi kamu biyu ba, jikinta kwali ne, ba ta ɗauke da kome sai 'yar lemar da za ta sauko da ita. Ita ce wadda 'yan makaranta ke harbawa a ƙasashe da yawa don su gane yadda kumbo ke barin ƙasa.

Dalilin da ya sa muka ga ya kamata a yi maganarta a wannan shafi shi ne, sha'awar abin ta riga ta iso mu, amma ƙa'idojinsa ba su iso ba. Duk yaron da ke riƙe da waya yana iya kallon hotunan mutane suna cusa sinadari cikin bututu, suna kunna masa wuta, yana tashi sama, ana tafi. Abin da ba a cika nuna masa ba shi ne wanda ya fashe a hannun mai shi. Yaranmu kuwa ba su rasa basira ba, kowa ya san yadda suke ƙera mota da gwangwani da jirgi da kara. Tun a 2007 jaridun duniya suka ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci. Mai irin wannan zuciya, in aka ce masa kada ya taɓa, ɓuya zai yi ya taɓa. Gara a nuna masa hanyar da masu abin suka bi suka tsira da yatsunsu.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Watakila matasa ba su sani ba, Kano tana da hannu a tafiyar mutum sararin samaniya tun farkonta. Lokacin da Amurka ta shirya aika 'yan sama jannatinta na fari, ta kafa tashoshi a sassan duniya don bin sawun kumbo da yin magana da wanda ke ciki, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano aka kafa ta, wata a Zanzibar. Ran 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya kewaya duniya sau uku, da ya biyo ta kanmu ya shaida wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango ƙura ta tashi a ƙasa. Ba mamaki, lokacin hunturu ne. A watan Agusta na 1963 kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta tarho da Shugaba Kennedy ta hanyar tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. Daga baya Nijeriya ta kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya, watau NASRDA, a 1999, aka harba tauraronmu na farko daga ƙasar Rasha a watan Satumba na 2003. Hukumar tana da cibiya a Epe ta Jihar Legas wadda aikinta ke nan, binciken roka da abin da ke tura ta.

Amma wannan duka aikin gwamnatoci ne. Labarin da ya shafe mu shi ne na yaran Amurka bayan ran 4 ga Oktoba 1957, sa'ad da Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik. Zazzaɓin roka ya kama samarin ƙasar. Suka shiga ɗakunan ajiya na gidajen iyayensu suna kankare kawunan ashana, suna gauraya garin sinadarai, suna ɗurawa cikin bututun ƙarfe. Wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu rayukansu, har hukumomi suka fara neman haramta abin ɗungum.

Mai karatu zai so ya san abin da ke sa irin wannan ta fashe. Roka tukunya ce wadda aka bar wa ƙofa ɗaya ƙarama a gindi. Makamashi yana ƙonewa a ciki, iska mai zafi tana fita ta wannan maƙogwaro da ƙarfi, ita kuma rokar tana yin gaba, kamar yadda bindigar maharbi ke dukan kafaɗarsa idan ta tashi. To, irin wannan makamashi, gwargwadon yadda matsi ya ƙaru a cikin tukunyar, gwargwadon yadda yake ƙara saurin ci. Idan maƙogwaron ya yi ƙanƙanta, ko wani ɓarɓashi ya toshe shi, ko makamashin ya tsage a ciki har wuta ta sami ƙarin wurin kamawa, sai matsi ya haifi ƙarin wuta, wuta ta haifi ƙarin matsi, kafin ƙiftawar ido bututun ya tarwatse. In na ƙarfe ne, kowane ɓallinsa harsashi ne. Tsakanin roka da bam ɗan bambanci ne ƙwarai, kuma ba da ido ake gane shi ba. Ko gwanaye bai bari ba. Max Valier ya mutu a Jamus a 1930 da injin da yake gwadawa ya fashe, Reinhold Tiling kuma ya mutu a 1933 tare da mataimakansa biyu, bayan albarushin da suke dannawa ya kama a ɗakin aikinsu.

Mai sayar da takalma da jami'in fili

Maganin abin ya fito daga inda ba a zata ba. Wani mai kantin takalma a Jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ke da lasin na wasan wuta, ya ƙera ɗan ƙaramin inji cikin bututun takarda mai kauri, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. Ya aika wa G. Harry Stine, wanda ya yi aikin kula da lafiyar fili a White Sands, inda sojan Amurka ke gwajin rokoki. Stine ya ga cewa an sami mafita: a raba yaro da haɗa sinadari sam, a bar masa zane da aunawa da ginawa da harbawa, inda ilmin yake. A 1957 suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira NAR, Stine ya ɗauko dokokin babban fili ya rage su daidai da yara. Wani kuma, Vernon Estes, ya ƙera na'urar da ke yin waɗannan injuna ita kaɗai, ba tare da hannun mutum ya kusanci albarushi ba.

Injunan suna da haruffa. Mai harafin B ya ninka A ƙarfi, C ya ninka B, haka har sama. Idan ka ga an rubuta C6-5, lambar ƙarshe tana nufin daƙiƙa 5 za su wuce bayan wuta ta mutu kafin wani ɗan ƙaramin tartsatsi ya turo lema waje. Dokar ƙungiyar ta ce jikin roka da hancinta da fikafikanta kada a yi su da ƙarfe, sai kwali ko roba ko katako marar nauyi. Nauyinta duka kada ya wuce giram 1,500, makamashin da ke cikinta kada ya wuce giram 125. Kuma ba a yarda kowa ya huda injin ko ya sake masa fasali ba.

Kayan harbi

A nan ne ya kamata malamai su buɗe kunne, domin yawancin tsaron ran yana cikin kayan da ke ƙasa, waɗanda ba su tashi ko'ina.

Na fari shi ne abin kunnawa. Ba a kunna roka da ashana, ba a kunna ta da lagwani. Lagwani maƙaryaci ne: wani sa'i ya ci da sauri kafin mutum ya juya baya, wani sa'i ya yi kamar ya mutu, sai an sunkuyo a duba ya tashi. Abin da ake yi shi ne a sa wani siririn zaren ƙarfe a bakin injin, a jawo doguwar waya zuwa batir. Idan lantarki ya bi ta zaren sai ya yi ja, ya kunna makamashin. A kan wannan waya kuwa akwai makunni biyu a jere. Ɗaya ɗan makulli ne da ake zarewa, ɗayan maɓalli ne da ke komawa a kashe da kansa da zarar an ɗauke yatsa. In babu makullin, ko an danna maɓallin ba abin da zai faru. Wanda zai je gindin roka ya haɗa waya, shi ke tafiya da makullin a aljihunsa. Wannan ɗan ƙarfe da bai kai kuɗin kwanon abinci ba, shi ne abin da ya fi kome daraja a filin, domin shi ke hana wani yaro mai ƙaiƙayin hannu ya harbi fuskar abokinsa.

Kada a ɗauka wannan tsoro ne na yara. Ran 24 ga Oktoba 1960 a filin Baikonur na Tarayyar Sobiyat, injin wani babban makami ya kama alhali mutane suna zagaye da shi suna gyara, gomman mutane suka hallaka, har da Marshal Nedelin, babban kwamandansu. Ran 22 ga Agusta 2003 a Alkantara ta ƙasar Barazil, injin roka ya kunnu kwanaki kafin ranar harbi, mutum 21 suka mutu. Duka biyun, wuta ce ta tashi a lokacin da mutane ke kusa.

Na biyu shi ne sandar saiti. Fikafikan roka ba su da amfani sai ta yi gudu iska tana bugunsu, saboda haka a farkon tashinta makauniya ce, tana iya kwantawa ta nufi jama'a. Shi ya sa ake kafa siririyar sandar ƙarfe mai tsawon kamar ƙafa uku, a manna wa rokar ɗan bututu irin na tsinken shan lemo a gefe, ta bi sandar har ta sami gudu. Doka ta ce kada a karkata sandar fiye da digiri 30 daga tsaye. Akwai kuma wani haɗari da ba mai tunaninsa sai an faɗa masa: bakin sandar yana daidai da idon mai sunkuyawa. Don haka ko a ɗora dandamalin a kan tebur har bakin ya wuce tsayin ido, ko a kifa masa murfi duk lokacin da ba a harbi. A gindin sandar kuma ana sa farantin ƙarfe domin harshen wuta ya bugi ƙarfe, kada ya taɓa ƙasa.

Sai tazara. Ga ƙananan injuna, daga A zuwa D, kowa ya ja baya ƙafa 15, ga waɗanda suka fi haka ƙafa 30. Faɗin filin ma da ƙa'idarsa: injin A yana son fili mai ƙafa 100 kowane gefe, B ƙafa 200, C ƙafa 400. Filin ƙwallon makaranta ya ishi B, amma faɗinsa bai kai abin da C ke so ba. Kafin a danna maɓalli ana ƙirga da ƙarfi daga biyar zuwa ɗaya. An ce wannan ƙirge na baya-baya daga wani fim na Jamus na 1929 aka samo shi, watau don jan hankalin 'yan kallo aka ƙago shi, amma ya zama doka domin yana sa kowa ya ɗaga kai.

In an danna ba ta tashi ba fa? A nan ne haƙurin mutum ke ƙarewa, a nan ne kuma ake jin rauni. Ƙa'ida ita ce a zare makulli ko a cire batir, a ƙirga daƙiƙa 60 cur, sa'an nan mutum ɗaya ya matsa. Maharbanmu na gargajiya sun san wannan tun kaka da kakanni. Ba wanda ke leƙa bakin bindigar da ta ƙi tashi.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko kwabo, wanda ke nuna ko roka za ta miƙe. A ɗaura mata igiya a daidai inda nauyinta ya rabu biyu, a riƙa juya ta a sama kamar majajjawa. Idan hancinta ya juyo gaba ya zauna, lafiya. Idan tana tambele ko tana tafiya da baya, a ƙara wa hancin nauyi ko a faɗaɗa fikafikan, kada a kai ta fili.

Ciyawa, iska, da hukuma

Dokokin nan a wata ƙasa aka rubuta su, amma akwai waɗanda kamar don Kontagora aka yi. Ɗaya ta ce kada a harba kusa da busasshiyar ciyawa. Wanda ya san ƙasar nan daga Nuwamba zuwa Maris ya san tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye daji, ga masara da dawa da wake a tare a gonaki ba a kwaso ba. Malamin da rokarsa ta ƙone wa manomi amfanin shekara, ba kimiyya zai tsaya bayani a gaban alƙali ba. Wata dokar ta ce kada a harba idan gudun iska ya wuce mil 20 a awa, watau kamar kilomita 32, ko cikin gajimare, ko in akwai jirgi a sama. Hazon hunturu da ke ɓoye roka daga ido hukuncinsa ɗaya da gajimare. Sararin wannan yanki kuma ba kango ba ne, jiragen yaƙin Nijeriya suna da sansani a Kainji. In lema ta maƙale a wayar lantarki, a bar ta can, kada a ɗauko gora.

Sa'an nan ga abin da littattafan Turawa ba su faɗa ba. A inda ake zaman ɗar-ɗar, ƙara da hayaƙi a bayan gari suna iya sa kasuwa ta watse, suna iya sa mai tsaro ya ɗana kunama kafin ya tambaya. Yaron da aka kama da bututu da waya da garin sinadari a jaka zai sha wuya kafin a yarda ɗalibi ne. Dokar Abubuwa Masu Fashewa ta 1964 ta hana yin su ko ajiye su ko shigo da su sai da izni, kuma 'yan sanda sukan hana ko da wasan wuta na Kirsimeti. Hukuma tana da hujja. Ran 26 ga Disamba 2012 wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya tashi a cikin Legas ya ƙone gine-gine, ran 16 ga Janairu 2024 kuma nakiyar masu haƙar ma'adinai da aka ajiye cikin gida ta rusa wani sashe na unguwar Bodija a Ibadan. Ko Robert Goddard, wanda ya fara harba roka mai ruwan mai a 1926, ta tashi ƙafa 41 kacal, sai da maƙwabta suka kai ƙararsa a 1929, hukumar kashe gobara ta hana shi, ya tattara ya koma hamadar New Mexico.

Tun da injunan kanti ba a samunsu a kasuwanninmu, kuma shigo da su sai da takardu, a ganinmu makarantun sakandare ba su da abin yi da roka mai wuta a yanzu. Haɗa makamashi a gida, ko a kan risho ko a ɗakin gwaji na makaranta, a bar shi ga cibiyar Epe da jami'o'in da ke da izni da katangar fakewa. Ko Jami'ar KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, wadda rokarta ta kai kusan kilomita 18 a watan Maris na 2021, a filin gwajin makamai na Overberg ta harba, ba a harabar makaranta ba.

Rokar ruwa

Abin da ya rage mana ba ƙarami ba ne. Gorar lemo ta roba, ruwa kamar sulusinta, da famfon keke, sun isa su koyar da dukan abin da Newton ya rubuta a 1687 game da turi da martaninsa. Ana kifa gorar baki ƙasa, a manna mata fikafikan kwali ko roba da hanci mai taushi, a ɗura iska, a saki. Iskar ta fesar da ruwan, gorar ta yi sama fiye da kan dogayen itatuwa. Kada a raina ta. A 2015 wasu masana da ɗalibai na Jami'ar Cape Town sun harba rokar ruwa ta kai mita 830.

Amma rashin wuta ba ya nufin rashin haɗari. Matsattsiyar iska tana fasa gora da ƙara mai kurmantarwa, kuma gora mai ruwa in ta bugi fuska tana iya fasa ido. Gorar da za a yi aiki da ita tilas ta zama ta lemo mai gas, domin ita aka yi don jure matsi. Ta ruwan sha ba ta da ƙwari, kwalba kuwa kada ma a kawo ta filin. Wadda ta karce, ko ta lotse, ko ta daɗe a rana a kan juji, a jefar. Sabuwar gora ana fara gwada ta ne cike fal da ruwa, domin ruwa ba ya matsuwa, in ta fashe tsagewa kawai za ta yi ba tarwatsewa ba. Famfon ya zama mai geji, malami ya sa iyakar da ba za a wuce ba, ƙasa ƙwarai da inda gorar gwaji ta fashe. Tiyon ya yi tsawo domin mai famfo ya tsaya nesa, abin sakin kuma a ja shi da doguwar igiya, kada a riƙe gorar da hannu. A kafe dandamalin da turaku, in ba haka ba jan igiyar zai kwantar da shi ya saita jama'a. Lalle ne kuma a sa bawul a kusa da famfo, wanda za a buɗe iska ta fice idan an fasa harbi, domin gorar da ke cike da iska ta ƙi tashi daidai take da injin da ya ƙi kamawa. Masu aiki kusa su sa tabarau irin na masu walda ko na kafintoci. Dukan waɗannan kaya, mai gyaran famfo da mai facin taya na bakin kasuwar Kontagora za su iya haɗa su da bututun roba a yini ɗaya.

Abu na ƙarshe da ba a saye da kuɗi shi ne mutum ɗaya mai iko da fili. A White Sands akwai shi, a kowane filin harbi na duniya akwai shi. Shi ke duba kowace roka, shi ke duba sama, shi kaɗai ke ba da izni, in ya ce a tsaya ko shugaban makaranta ba ya ta da maganarsa. Jami'ar Ilmi ta Tarayya da ke Kontagora tana yaye malaman kimiyya, Kwalejin Fasaha ta Gwamnati tana da masu aikin hannu, barikin soja kuma cike yake da mutanen da sana'arsu ita ce tsare filin harbi. Makarantar da ke son farawa ta rubuta wa babban jami'in 'yan sanda na yanki da hukumar bariki da mai unguwa, ta faɗi rana da sa'a da wuri, ta gayyace su su zo su gani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 4 zuwa 10 ga Oktoba na kowace shekara a matsayin Makon Sararin Samaniya. A ƙasar Kontagora lokacin damina na ban kwana ne, ciyawa ɗanya ce, hazo bai sauko ba, ruwa kuma bai yi wuya ba.